Aladena mai ciki tana tona ƙasa tana kwasar ciyawa, lafiya kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce aladenka ta daina ci, tana tona ƙasa da hanci, tana jan ciyawa zuwa lungu. Kwantar da hankalinka, shimfiɗar haihuwa take yi. Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku, mako uku da kwana uku. Takan fara wannan aiki kamar kwana ɗaya kafin naƙuda, ya tsananta a sa'o'in ƙarshe. Matsa kan nonon, in ruwa ya fito, ta kusa.

Kada ka kwashe abin da ta tara. Ni na taɓa sharewa da sunan tsabta, ta wuni tana tashi tana kwanciya, har ta danne ƴaƴa biyu. Ba ta busasshiyar ciyawa mai laushi, ban da mai ruma. Karan gero ya yi kauri. A ware ta ita kaɗai tun saura mako guda, wuri mai inuwa da iska inda za ta iya juyawa. A kafa itace jikin bango, kamar santimita 20 daga ƙasa, don ƴaƴan su samu mafaka in za ta kwanta.

Zafin Afrilu a nan Maraɗi uwar yake wahalarwa, kada ruwan sha ya yanke mata. Da hunturu kuma jariran ne abin ji, a kare musu iska, su sha dakashi da wuri.

In ta yi awa guda tana nishi ba ɗa, ko zazzaɓi ya biyo bayan haihuwa, kira likitan dabbobi, kada ka sa hannu da kanka.