Auna gudun jinin zuciya ba tare da zura bututu ba

Ɗan'uwa, Allah ya ba mahaifinka lafiya. Ka tambaya ko za a iya auna toshewar jijiyoyin zuciyarsa ba tare da zura masa bututu ba. Ana yi. Likitoci kan ɗauki hoton CT (hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka) bayan allurar ruwan da ke haskaka jijiyoyi, sannan kwamfuta ta lissafa yadda jini ke ratsa wurin da ya ƙuntata. Idan sakamakon ya faɗo 0.80 ko ƙasa, alama ce zuciya ba ta samun isasshen jini. Hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna da na'urorin lafiya, ta amince da manhajar HeartFlow mai yin wannan lissafi a 2017. Sai dai ciwon ƙoda na iya hana allurar, don haka ku sanar da likita. Idan kuwa ƙirjinsa na ciwo yanzu, ku garzaya asibiti.