Amsa: Wurin shan iska a bakin kogin Nilu a Alkahira

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce za ka raka Hajiya asibiti Alkahira kuma kana neman inda za ku ɗan sha iska a bakin ruwa ba tare da ta wahala ba, to ni dai Mamsha Ahl Misr zan ce maka, wato hanyar tafiya a ƙafa da aka gina a gefen kogin Nilu, an buɗe kashin farko a 2022 daga gadar 15 Mayu zuwa gadar Imbaba. Hawa biyu ne, na sama a gefen titi, na ƙasa kuma dab da ruwa, shi ne ake yankar tikiti, kuma gaskiya nan ne daɗin yake don akwai kujeru da wuraren shan shayi, kana zaune kana kallon unguwar Zamalek a tsallake.

Kar ku je da rana tsaka wallahi, musamman Yuni zuwa Agusta, zafin sai ka rantse Maiduguri kake. Ku bari sai bayan la'asar ku yi magariba a can, lokacin fitilu sun kunnu kwale-kwalen feluka na ta wucewa. In kuma lokacin sanyi ne Hajiya ta ɗauko mayafi mai kauri, iskar kogin ba ta da wasa.

In Metro za ku hau, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ku bi layi na 3 ku sauka tashar Maspero, amma saboda ƙafarta gara tasi kawai. Daren Alhamis da Juma'a cunkoso ne sosai, in da hali ku zaɓi Litinin ko Talata. Allah ya ba Hajiya lafiya.