Shin tura sojojin waje ne zai ceci fararen hular da ake kashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke nake ganin hotunan abin da ake yi wa mata da yara a Darfur, har barci ya ƙaurace mini. Duniya cike take da sojoji da jiragen yaƙi, amma kowa ya naɗe hannu. Wani abokina ya ce duk shigar sojojin waje mulkin mallaka ne da sabon suna. Ni kuwa gani nake da an tura ko da bataliya ɗaya ce, da an tsirar da rayuka. Wane ne a kan daidai tsakaninmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Damuwarka a kan hanya take. Duk wanda ya ji abin da aka yi wa 'yan ƙabilar Masalit a garin El Geneina na Darfur a 2023 bai ji ciwo a ransa ba, ya binciki zuciyarsa.

Ta fuskar doka, ƙofa a buɗe take. Babi na 7 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Kwamitin Sulhu ikon halatta amfani da ƙarfi, kuma a taron 2005 shugabannin duniya sun amince cewa idan gwamnati ta gaza kare mutanenta daga kisan ƙare dangi da makamantansa, alhakin ya hau kan sauran ƙasashe ta hannun wannan kwamiti. Tarayyar Afirka ma ta riga su, a sashe na 4(h) na kundin da ya kafa ta a shekarar 2000. Maganar abokinka ta yi kuɗin goro da yawa. Dakarun da Ostareliya ta jagoranta zuwa Timor ta Gabas a 1999 sun tsayar da kisa, ƙasar kuma ta sami 'yancinta a 2002. Shigar Birtaniya Saliyo a 2000, bayan shekarun da dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma suka yi suna zubar da jininsu a can, ta taimaka wajen karya 'yan tawayen da ke datse hannayen mutane. Sai dai ba a banza yake zargi ba, domin wanda ya ga yadda aka mamaye Iraƙi a 2003 bisa hujjar makaman da ba a taɓa samu ba, dole ya riƙa ɗari-ɗari.

Amma ba maganar abokinka ce ta fi tayar mini da hankali ba. Taka ce: "ko da bataliya ɗaya ce." Kusan kullum sai na ji wannan jimla, daga ɗalibai, daga masu sharhi a Facebook waɗanda ba su taɓa buɗe ƙuduri ɗaya na Kwamitin Sulhu ba, har da 'yan siyasa. Mutane sun ɗauka ganin soja mai shuɗiyar hula, wato sojan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne kariya. Wannan fahimta ta kashe dubban mutane, kuma da gaske nake faɗa.

A watan Afrilun 1993 Kwamitin Sulhu ya ayyana garin Srebrenica na Bosniya a matsayin tudun mun tsira. Masana soja na Majalisar sun ƙiyasta cewa tsare irin waɗannan garuruwa na buƙatar soja 34,000. Kwamitin ya amince da 7,600. Jama'a suka ji an ce duniya ta yi alkawari, suka zauna, wasu ma suka baro ƙauyukansu suka taru a can. Da dakarun Sabiyawa ƙarƙashin Ratko Mladic suka shiga garin ranar 11 ga Yulin 1995, waɗanda ke gadi bataliya ɗaya ce tak ta sojojin Holan, 'yan ɗaruruwa, da ƙananan makamai, kuma taimakon jiragen sama da suka nema bai zo yadda zai yi amfani ba. Dubban mutane suka kwarara sansaninsu a Potocari. A gabansu aka ware maza daga mata. Cikin 'yan kwanaki aka kashe Musulmi maza da yara maza kusan 8,000. Ga bataliya ɗayar da kake roƙo.

Shekara guda kafin nan, a Kigali, babban birnin Ruwanda, 'yan ƙabilar Tutsi kusan 2,000 sun fake a wata makarantar koyon sana'a saboda akwai sojojin Beljiyam a cikinta. Ranar 11 ga Afrilun 1994 aka umarci sojojin su tashi su je su taimaka wajen kwashe Turawa. Suna fita, masu adduna da suka yi kwanaki suna jira a bakin shinge suka shiga. Da waɗannan bayin Allah sun san tafiya za a yi a bar su, da wasu sun warwatsu tun da wuri, sun nemi daji ko iyaka. Kasancewar soja a wurin ce ta tara su wuri guda, ta sauƙaƙa wa makasa aiki. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka: idan ka kafa tuta ka ce wa mutum nan ne mafaka, ka canja shawarar da zai yanke a kan ransa da na 'ya'yansa. In ba ka shirya mutuwa a bakin ƙofar ba, kada ka kafa tutar.

To me ya sa sojan da ke riƙe da bindiga zai tsaya yana kallo? Sau da yawa ba tsoro ba ne. Takarda ce ta ɗaure shi. Kwamandan dakarun Majalisar a Ruwanda, Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada, ya aika saƙo hedikwata a New York ranar 11 ga Janairun 1994, wata uku kafin kisan, yana neman izinin kai samame maɓoyar makamai. Aka ce masa hakan ya wuce hurumin aikinsa. Da kisan ya fara aka kashe sojojin Beljiyam 10, sai Beljiyam ta janye nata, Kwamitin Sulhu kuma ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Amurka, wadda ta rasa soja 18 a Mogadishu a watan Oktoban 1993, ba ta son jin ko sunan wata sabuwar runduna a Afirka. Cikin kwana 100 aka kashe mutum kusan 800,000. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, 'yan tsirarun da suka ƙi tafiya, irin su dakarun Gana da kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal, wanda ya rasa ransa a can, sun ceci dubbai da ɗan abin da ke hannunsu. Ashe ana iyawa. Waɗanda ke zaune a ofis ne ba su so ba.

Har yau matsalar tana nan. Ƙasa za ta ba da bataliya, amma da sharaɗin kada a kai ta fagen daga, kuma kwamandanta sai ya buga waya gida kafin ya bi umarnin kwamandan runduna. Haka 'yan tawayen M23 suka shiga Goma a Kwango a 2012 dakarun Majalisar na kallo. Da aka kafa runduna ta musamman daga Tanzaniya, Afirka ta Kudu da Malawi a 2013, aka ba ta izinin kai farmaki ƙarara, kafin shekarar ta ƙare ita da sojojin Kwango sun fatattaki 'yan tawayen. Bambancin yana ga umarni, da kayan aiki, da gwamnatocin da suka yarda su karɓi gawarwakin 'ya'yansu ba tare da sun janye ba. Kuma ko a can nasarar ba ta ɗore ba, M23 ta dawo, domin ba a warware rikicin siyasar da ya haife ta ba.

Wannan ya kawo mu Libiya. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973, na watan Maris 2011, ya halatta kare fararen hula, musamman saboda barazanar da dakarun Gaddafi ke yi wa birnin Benghazi. Jiragen NATO suka zarce har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, aka kashe shi a watan Oktoba, sannan kowa ya kama gabansa ba tare da shirin wanda zai riƙe ƙasar ba. Garin neman gira aka rasa ido: ƙasa ta rabu tsakanin masu bindiga, makamanta suka tsallaka zuwa Mali a 2012. Rasha da Sin, waɗanda suka ƙaurace wa ƙuri'ar a lokacin, sun ce an yaudare su, kuma da wannan hujja suka riƙa hawa kujerar naƙi a kan Siriya.

Game da Sudan da ta hana ka barci, ka tuna an taɓa tura soja Darfur. Rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar da Tarayyar Afirka, wadda aka amince mata da soja kusan 20,000 a 2007, ta yi fama da rashin jirage masu saukar ungulu da kuma shingayen da gwamnatin Khartoum ke gindaya mata, har aka rufe ta a ƙarshen 2020. A watan Satumban 2024 kwamitin bincike na Majalisar ya ba da shawarar tura runduna mai zaman kanta, hukumomin Sudan suka yi fatali da ita. A watan Nuwamba kuma Rasha ta hau kujerar naƙi a kan ƙudurin da ke neman tsagaita wuta da kare fararen hula. Ni ina goyon bayan a tura runduna, amma mai yawa, mai izinin harbi, wadda za ta zauna har a sasanta. Kafin a samu wannan, in kana da murya, ɗaga ta a kan abin da ake iya yi yau: takunkumin makamai da aka ɗora kan Darfur tun 2004 a tilasta shi a kan ƙasashen da ke ciyar da yaƙin da bindigogi da jirage marasa matuƙi, kuma mashigar Adre da ke iyaka da Chadi ta kasance a buɗe ga motocin abinci da magani.