Zobe da laya a filin kwallo, amsa ga karamin rafari

Kanina na ga sakonka tun jiya da daddare, sabis ne ya hanani amsawa sai yanzu. Kace ranar Asabar ka busa wasan unguwa, dan gaban daya kulob din yana sanye da zoben azurfa ga kuma kambu a damtse, kace ya cire yace shi ko wanka zai shiga baya cirewa, kocinsu ya dauko filasta yace a nade kawai, 'yan kallo suka fara ihu, kai kuma ka kyale aka buga a haka. Yanzu kana tambaya wai daidai kayi, kuma in ta sake faruwa ya zakayi.

Toh ba daidai kayi ba. Amma ba lokacin da ka kyale abun ya lalace ba, ya lalace ne tun da ka bari sai da aka jera a tsakiyar fili, mutane sun cika bakin layi, masu ganga sun fara, sannan idonka ya kai kan zoben. A wannan lokacin duk saurayin da kace ya cire wani abu gani zaiyi so kake ka kunyata shi gaban 'yan unguwarsu, ko da yasan kana da gaskiya bazai cire ba. Tun ran gini ran zane.

Bari in fara da abinda ke rubuce don kar wani koci ya ruda ka da baki. Doka ta 4 ce a littafin IFAB (hukumar da ke tsara dokokin kwallon kafa), wacce tayi magana kan kayan dan wasa, bugun kakar 2024/25 ne na duba. Tace duk wani kayan ado haramun ne a fili kuma dole a cire shi, har ta lissafo sarka, zobe, awarwaro, 'yan kunne, abun daurawa na fata da na roba. Kaga kambu ya shigo ciki kenan tunda da fata ake dinke shi. Kuma ta fada karara cewa rufe shi da filasta bai halatta ba. Ta kuma ce a duba 'yan wasa kafin a fara, 'yan canji kuma a duba su kafin su taka fili. Duk shekara ana sabunta littafin nan, sabon yana fara aiki 1 ga Yuli, saboda haka ka sauke manhajar IFAB a wayarka kyauta ce, ka rika duba Doka ta 4 duk farkon kaka, kada ka zama irin rafarin da ke busa da dokar da ya haddace tun yana sakandare.

Dalilin dokar kuwa ba wai turawa basa son kwalliya bane. A watan Disamba na 2004 akwai wani dan wasan Servette a kasar Suwizalan, Paulo Diogo, ya bada kwallo aka ci Schaffhausen, murna ta dauke shi ya haye shingen karfen da ke tsakanin fili da 'yan kallo, da zai diro zoben aurensa ya makale a jikin karfen, nauyin jikinsa yayi kasa yatsan ya tsaya a sama. Likitoci basu iya mayar da shi ba, sai ma suka karasa cire ragowar. Kuma a hakan rafarin ya bashi katin gargadi saboda wuce gona da iri a murna. Wannan fa filin Turai kenan. Yanzu ka tuna irin filayen da muke busawa, turken gola na bututun karfe da mai walda ya lika masa kugiyoyi don rataya raga, wani wajen ma kusa ce 'yar inci hudu aka buga aka lankwasa, ga wayar shinge ta tsinke tana reto a bayan gola. Yaro yayi tsalle ya kama sandar sama yana wasa, ko ya zame ya shiga raga hannunsa ya bi ta kan kugiya, shikenan zobe baya tsinkewa, fatar yatsa ce ke salubewa. Filastan da kocin ya kawo me zai hana a nan? Ko a nade ko kar a nade karfen yana nan zagaye da yatsa. Ko ba kugiya ma, kwallo ta bugi kan yatsa ya kumbura, zoben ya shake shi, sai an nemi mai yanka karfe.

Yanda nake yi shine, ina isa fili da wuri, akalla minti arba'in kafin lokaci, in zaga in duba turaku da layi, daga nan sai in wuce inda kowane kulob yake dumama jiki in kira koci da kyaftin gefe, mu uku kawai. Mu gaisa sosai tukunna, ya gida ya yara, sannan ince koc don Allah ka taimakeni, duk wanda ke da zobe ko sarka ko wani abu a hannu ko a wuya ya baka ajiya yanzu, bana so sai mun jera in fara tsayar da yaranka. Wallahi mafi yawanci a nan maganar ke karewa, domin yaro zai cire wa kocinsa abinda bazai taba cire maka ba. Kuma abinda na fada wa wannan bangaren shi zan je in fada wa wancan da murya iri daya, a gaban idon kowa, don in ka cire wa 'yan bakin zobe ka bar na 'yan gida toh ka sayi rigima da kudinka tun ba a take kwallo ba.

Lokacin dubawa kuma ba tsayawa zakayi daga nesa ba. Kowa ya miko hannu biyu, ciki da baya, ka kalli wuya, ka kalli kunne, ka duba kasan but da abun kare kwauri. Gola ka ce ya zare safar hannu, don su suka fi kowa boye zobe, yana ganin ai safa ta rufe. Wanda ya nade wuyan hannu da farin filasta ka tambaye shi me ke ciki, in yace targade ne ka dan latsa da yatsa ka ji, in akwai carbi ko roba a kasa zakaji tudunsa.

Sai maganar laya, wacce nasan ita ce ainihin abinda ya daure maka kai. A nan bakinka ne zai cece ka ko ya jefa ka. Kada ka kuskura kace masa wannan camfi ne, ko kace shirka ce, ko ka tambaye shi wa ya bashi, kai ba wa'azi ka zo yi ba kuma ba a baka usur don ka gyara wa mutane akida ba. Wani kakarsa ce ta daura masa tun yana goye, wani malaminsa ne yace kar ya rabu da ita, kana taba wannan bangaren ka taba gidansu gaba daya. Ni abinda nake cewa shine, malam ba ruwana da abinda ke ciki, igiyar ce matsalata, in wani ya sa yatsa a ciki kuna kokawar kwana wuyanka ne zai ji. Shikenan. Zoben azurfa ma haka, in yace sunna ce kace masa gaskiya ne, ajiye wa zakayi na minti casa'in ka dauki abunka. Wanda kuma ya daura guru a kugu karkashin wando, bana daga wa kowa riga, bana laluben jikin dan mutane, na dai fada wa koci a cire komai. In ana cikin wasa riga ta yaye na gani, toh ya zama abinda na gani kuma zanyi aiki da shi.

Abu biyu kada kayi. Kar ka cire wa mutum da hannunka, kuma kar ka karbi ajiya. Ka sa zoben wani a aljihu ka yi ta gudu ya fadi cikin rairayi, bayan an tashi kuma an ci su biyu da nema, kaga yanzu kai ne ka kashe musu wasa kuma kai ne barawon zobe. A ba koci ko wani dan benci.

Akwai wanda da gaske zoben ne yaki fita, ya shekara biyar a hannu yatsa yayi kiba. Shi ba taurin kai yake ba, taimakonsa zakayi. Ya daga hannun sama na dan lokaci, a zuba masa fiya wata mai sanyi, a shafa sabulu ko basilin a murza a hankali. In yaki, a samo zare mai kwari a zura bakinsa ta karkashin zoben, a nade ragowar a jikin yatsan tam tam har a wuce gabar, sai a kama wancan bakin na kasa a rika warwarewa, zoben zai rika tafiya da kansa yana hawa kan zaren. Shi yasa kullum akwai guntun sabulu da zare a jakata tare da kati. In duk an yi bai fita ba toh yau dai benci zai zauna, kuma ka fada masa cikin mutunci.

In wasan mata aka baka, 'yan kunne da na hanci duk su fita, ko da tace jiya aka huda mata. Dankwali ko hijabi kuwa kar ka hana, IFAB ta halatta rufe kai tun 2014, bayan abinda ya faru da matan Iran a 2011 da aka hana su buga wasan neman gurbin Olamfik da Jodan, kuma kaga Nouhaila Benzina ta Moroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta. Sharadin dai ya zama baki ko kalar jesi, kar a hade shi da rigar, kuma babu fil ko allura a jiki. Fil din shine abun dubawa, kuma ka samu mace ta duba, ba kai ba.

Za su ce maka ai a talabijin muna ganin manya da sarka. Ka tuna musu Jules Kounde na Faransa, a kofin duniya na Katar 2022 wasansu da Polan, ya shiga da sarkar gwal a wuya har aka kusa tafiya hutu, da aka gani tsayar da shi akayi aka cire a bakin layi duniya na kallo. Wasu kuma bidiyon 'yan besbol na Amurka suke gani da manyan sarkoki, eh su nasu daban ne, ko a makarantun sakandarensu an sassauta dokar tun 2023, amma wasan da ba a rike rigar juna ana tsalle kai da kai ba irin namu bane, kuma ko a can a 2001 sai da aka kori Arthur Rhodes na Seattle daga wasa kan rigimar 'yan kunnensa da ke haske wa mai bugu ido.

In kuma sai da aka fara ka hango, ba sai ka busa ka tsayar da wasa ba. Ka matsa kusa kace lamba tara cire wannan. In bai iya ba ko baya so, kwallo na fita ka tura shi waje ya gyara, kuma bazai dawo ba sai lanzman ko kai kun duba sannan ka daga masa hannu. Yaki bin umarni, ko ya cire ya faki idonka ya mayar, katin gargadi ne kai tsaye, ya shigo ba izini ma katin ne. In kulob gaba daya suka ce sai dai a fasa, kar kayi musu, ka kira masu shirya gasar su tsaya a wajen, ka basu 'yan mintuna suyi shawara, ka rubuta komai a rahotonka da lambar dan wasan da lokacin.

Kai ma kuma ka cire naka zoben kafin ka fito daga inda ka canza kaya, Doka ta 5 ta hana rafari sa kayan ado, agogo kawai aka bar maka. Na lura kana da wani jan dutse a dan yatsanka na dama, ranar Asabar mai zuwa ka barshi a gida.