Me ya sa wata ke fitowa kamar ƙwan lantarki a hotona, kuma wane lens zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyamarar Canon 2000D da lens 18-55 da ya zo da ita. Duk daren sha huɗu sai na fita ɗaukar wata, amma abin da ke fitowa ɗan farin ɗigo ne kamar ƙwan lantarki, babu ko tabo ɗaya. Wani mai shago ya ce in sayi 75-300, wani kuma ya nuna mini lens mai madubi na 500mm mai araha. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka fitar da kuɗin nan tukuna. Matsaloli biyu ka haɗa wuri guda, kuma ɗaya daga ciki ba ta buƙatar ko kwabo.

Farin da ka gani daga saiti ne. Kyamararka ta duba sama, ta ga duhu ya cika ko'ina, sai ta ƙara haske don ta gyara dare, watan kuma ya ƙone. Alhali wata yana cikin rana tsaka ne. Hasken da ke dukansa shi ne wanda ke dukan tsakar gidanka da azahar, ƙasarsa kuwa ba ta fi tsohuwar kwalta haske ba, kusan kashi 12 cikin 100 kawai take mayarwa. Don haka sai ka ɗauke shi kamar abin da ke cikin rana. Juya kyamara zuwa M, wato inda kai ne ke saita komai da hannu, ka sa ƙofar haske a f/11, ISO (ƙarfin jin haske) a 100, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) a 1/100 na daƙiƙa. Masu hoto sun daɗe da wannan ƙa'ida: a f/11, lambar shata ta yi daidai da lambar ISO. Idan rabin wata ne ka ƙara buɗe ƙofar zuwa f/8, jinjiri kuma yana son haske fiye da haka. Ɗauki ɗaya, ka duba, ka gyara. Ko da 18-55 ɗinka, yau da dare za ka ga baƙaƙen tabban nan sun bayyana.

Ƙanƙantar kuwa, a nan lens ke da magana. Ido yana ruɗinmu. Faɗin wata a sama rabin digiri ne kacal. Miƙa hannunka, farcen ƙaramin yatsanka zai rufe shi. Lissafin da nake bai wa kowa shi ne: raba tsawon lens, wato lambar mm da ke rubuce a jikinsa, da 110, abin da ya fito shi ne faɗin wata da milimita a kan sansar kyamara, wato farantin da ke karɓar hoto. A 55mm, rabin milimita ke nan a kan sansa mai faɗin milimita 22.3, ɗigon hoto kusan 135 cikin 6000. A 250mm za ka samu kusan ɗigo 600, a 600mm kusan 1500. Kafin wata ya cika hoton daga sama zuwa ƙasa a irin kyamararka, sai ka kai wajen 1600mm. Kowa yanka hoton yake yi daga baya, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ga abin da masu shago suka nuna maka. Shi 75-300 lambarsa ce ke jan hankali, amma a ƙarshen tsawonsa hotonsa ba ya da kaifi, kuma yana son zana wa gefen wata wani shuɗi-shuɗi. Da ni ne, EF-S 55-250 IS STM zan nema, ko na hannu ne. Ya fi shi gajarta da 50mm, ya fi shi kaifi, yana da na'urar rage rawar hannu, kuma washegari ka tafi da shi hawan sallah ko filin ƙwallo. Mai madubin nan na 500mm ƙofar haskensa a kafe take a f/8, fokas da hannu ake yi, kuma masu arahar sun sha bamban: wani ya yi kyau, wani ya fito kamar an shafa masa man gyaɗa. Araha ba ta ado. In har ka nace, ka ɗora shi a kyamararka ka gwada shi a kan rubutun wani allo mai nisa kafin ka biya. Idan sha'awar ta kama ka sosai, lens 150-600 na kamfanin Sigma ko Tamron ne matakin gaba, sai dai nauyinsa ya kai kusan kilo 2, dole sai da maɗori mai ƙafa uku na kirki. Akwai kuma wata hanya: kyamarar Nikon P900 da ta fito a 2015 zum ɗinta ya kai kwatankwacin 2000mm, P1000 kuma 3000mm. Suna cika hoto da wata, amma sansarsu ƙarama ce, cikin duhu sai hoton ya yi tsaki-tsaki.

Abin da masu shago ba za su faɗa maka ba shi ne daren sha huɗu ne mafi munin dare ga mai neman ramukan wata. Hasken yana faɗo masa kai tsaye, babu inuwa, sai ya fito shafal kamar faranti. Fita daren 7 zuwa 10 ga watan Musulunci, ka dubi iyakar da haske ya haɗu da duhu. A nan inuwa ke miƙewa, ramuka da tsaunuka su tashi. Wajen daren 9 ko 10 ramin Kofanikus, mai faɗin kilomita sama da 90, yana fitowa ko a 250mm.

Fokas kada ka bar wa kyamara. Kunna allon baya, ka ƙara girman watan sau 10, ka juya zoben da hannu har gefen ramuka ya yi kaifi. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don girgizar yatsanka ta lafa. In ka ɗora a maɗori, kashe na'urar rage rawa. Ka kuma lura da abin da ke tsakaninka da sama. Hazon hunturu yana cinye kaifi, zafin da rufin kwano ke fitarwa bayan magariba yana sa watan rawa kamar yana cikin ruwa. Ka jira ya hau sama sosai, kuma daren da ruwa ya wanke iska, musamman ƙarshen damina, ya fi kowane.

Na san azumi na zuwa za ka nemi jinjiri. Ka bari rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ka juya dogon lens yamma, don rana ta cikinsa tana iya lalata ido da sansa. Idan kana son duhun jikin watan ya fito, wanda hasken duniyarmu ne ke haska shi, sai ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 ka buɗe f/5.6. Kada shata ta wuce rabin daƙiƙa, domin wata yana ratsa faɗin kansa cikin minti 2, wato a 250mm yana gusawa kusan ɗigo 5 kowace daƙiƙa. In ka dace tauraruwa Zara tana kusa da mijinta wata a daren, rage zum ka haɗa su, da hasumiyar masallaci ko kan dabino a ƙasa. Wannan hoton ko 55mm ɗinka zai iya.