Tagogin hira sun cika min sikirin, ya zan yi?

Kai da ka ce WhatsApp da Telegram da Teams sun cunkushe maka sikirin har kana tura saƙo inda ba nan ba, abin da sauƙi wallahi. In Windows gare ka, danne maɓallin Windows (wato Win) tare da kibiyar hagu ko dama, taga ɗaya za ta kama rabin sikirin sai ka zaɓi wacce za ta cike ɗaya rabin, a Windows 11 ma Win da Z zai nuno maka tsari kala-kala. Amma fa fiye da biyu a gabanka rikici ne kawai. Danna Win, Ctrl da D ka buɗe sabon fili, wato kamar wani sikirin daban a kwamfutar, ka watsa na surutu can, guruf-guruf ɗin nan kuma kashe musu ƙara.