Amsa ga 'yar'uwar da aka fara yi wa mahaifinta wankin ƙoda

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Tun da safe na ga tambayarki, amma lokacin ina kan inji, kuma hannu ɗaya ba ya dogon rubutu. Kin ce mako uku ke nan da aka fara yi masa wankin ƙoda, duk ranar da aka yi sai ya dawo gida jiki a mace, ƙafa na ɗaurewa, ga ƙaiƙayi ga ƙishirwa, har wasu a dangi sun fara cewa injin ne ke ƙarar da shi, gara a koma na gargajiya. Kina son jin ko haka kowa ke fama. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne da hawan jini ya cinye wa ƙoda, shekarata ta huɗu ke nan ina hawa injin. Abin da jikina ya koya mini shi zan gaya miki.

Watannin farko sun fi kowane lokaci wuya. Ƙodar mai lafiya ba ta hutu, dare da rana tana tace jini. Shi kuwa inji aikin kwana biyu ko uku yake tattarawa ya yi cikin awa huɗu, dole jiki ya ji a jikinsa. Ka'ida sau uku ne a mako, amma yawancinmu sau biyu aljihu ke ɗauka, wasu ma sau ɗaya. Iya nisan da ke tsakanin wanki da wanki, iya yawan ruwan da za a tara, kuma a nan yawancin wahalar Baba take.

Na daɗe ban gane haka ba. A watana na biyu aka yi bikin 'yar ƙanina, na sha kunu, na sha zoɓo, na bi da tsire da yajinsa. Ranar Litinin na hau sikeli, na ƙaru da kilo huɗu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan lita huɗu za a zuƙe daga jikina a zama ɗaya. Awa ta uku ƙafata ta murɗe kamar ana matse wanki, ƙarfin bugun jini ya sauka, ido ya yi duhu, na yi amai. Da na farfaɗo ina ta tsine wa inji, nas ɗin ta nuna mini lambar da ke katina, ta ce kayan da na kawo shi aka sauke. Na ji haushinta ranar, amma gaskiya ta faɗa. Tun da na daina wuce kilo biyu tsakanin wanki da wanki, sai na yi wata ƙafata ba ta ɗaure ba.

Don haka ki sayi sikeli da ƙaramin littafi, a auna shi kowace safiya. Ki tambayi likita nauyin da suka yanke masa in an gama wanki, da adadin ruwan da aka yarje masa. Ni lissafin da aka ba ni shi ne yawan fitsarin da na yi a kwana ɗaya, a ƙara mililita 500, wato ledar fiya wata guda. Kuma koko, fura, shayi, kankana, har miyar da ke kan tuwo duk suna cikin lissafin, ba ruwan randa kaɗai ba. Ina zuba rabona a gora ɗaya da asuba, in ta ƙare shi ke nan sai gobe.

Za ki ce ai ƙishirwar ce ba ta bari, balle a zafin Afrilu da Mayu. Gaskiya ne, amma gishiri ke kiranta. Duk dabarar da za ku yi, muddin tukunyar Baba na ɗauke da dunƙule uku da gishiri, ko waliyyi ne sai ya saci ruwa. Mai ɗakina ta raba mini tukunya: albasa, tafarnuwa, citta, ɗan lemun tsami, ba dunƙule, ba kanwa. Mako biyun farko kamar ciyawa nake ci, daga baya harshe ya saba. Kilishi, yajin tsire da taliyar leda na yi musu sallama. In baki ya bushe ina tsotsar gutsuren ƙanƙara, ko in kurkure da ruwan sanyi in zubar, ko in tauna cingam. Kofina ma ƙarami ne, irin na shayin Larabawa. Kada wani ya kawo muku gishirin da ake cewa na masu hawan jini ne, yawancinsa da fotashiyam ake haɗa shi, wani sinadari da ƙoda ce ke fitar da rararsa daga jini, ga mai wankin ƙoda guba ne.

Fotashiyam ɗin nan shi na fi tsoro, don ba ya sallama. Ruwa yana nuna kansa da kumburi da haki, shi kuwa sai ya taru a jini ya tsayar da zuciya. Ayaba, lemun zaƙi, ruwan kwakwa, tumatirin gwangwani, dankali, doya, alayyaho, zogale, da dabino, duk suna da shi da yawa. Dabinon ya fi yi mini ciwo, kin san mu da dabino. Dankali da doya in za a ci, a fere, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. In Baba ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi ba ya iya ɗagawa, ko bugun zuciyarsa ya canza, ko numfashi ya hana shi kwanciya, kada a jira ranar wanki, asibiti a take ko tsakar dare ne. Azumi kuwa ni ciyarwa nake yi, bayan na ji ta bakin likita da ta malamina.

Kasalar ranar wanki ba ta tafiya gaba ɗaya, ni ma yau sai da na yi barcin awa biyu. Amma a duba jininsa. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya haɗa jini, in ta gaza sai PCV, wato ma'aunin yawan jini, ya yi ƙasa. Allurar EPO, mai sa ɓargo ya haɗa jini, da ta sinadarin ƙarfe ake bayarwa, suna da tsada, amma sun fi ƙarin jini a kai a kai, wanda ke iya wahalar da samun ƙodar da za ta dace in an zo dashe. Haɗin nan na ganyen ugu da madara da ake ɗura wa mai ƙarancin jini ba na Baba ba ne. Kuma kada ku hana shi nama gaba ɗaya. Dokar kafin a fara wanki ce wannan, yanzu injin na tafiya da abin gina jiki, yana buƙatar farin ƙwai, kaza da kifi. Ki tambayi likita ko ya riƙa jinkirta maganin hawan jini ranar wanki, kada ku yanke da kanku. In an sauke shi daga inji ya zauna tukuna kafin ya miƙe.

Ƙaiƙayi yawanci fosfaros ne, wani sinadarin abinci da ke taruwa a jini, da bushewar fata. A rage nono, madara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da baƙin lemun kwalba. Ƙwayar da ake ba mu don kama fosfaros ɗin tare da lomar abinci ake shan ta. Na yi wata uku ina haɗiya da asuba ciki ba komai, ina mamakin me ya sa ba ta aiki. Man kaɗanya bayan wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, musamman da hunturu, kuma a yanke farce.

Maganar dangi kuwa, ba ƙiyayya ba ce, tausayi ne da tsoron kuɗi. Amma jiƙe-jiƙe ruwa ne da saiwar da ba wanda ya san abin da ke cikinta, a zuba wa mutumin da ba shi da hanyar fitarwa. Na ga kujerun da suka zama babu kowa a ɗakinmu bayan masu su sun ce za su je ƙauye su gwada na wata ɗaya. Addu'a kam a yi ta, ba ta hana hawa inji. Haka ma diclofenac da ibuprofen na kemis, kada ya sha. Abin da ya kamata ki tambayi likita ƙarara shi ne ko ciwon Baba na farat ɗaya ne da ƙoda kan iya farfaɗowa, ko wanda ya daɗe ne, don shirin kowanne daban. Ta fannin kuɗi, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage farashin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da na tarayya da ke Azare. Ki bincika ko akwai na kusa da ku.

Ba ki faɗi inda ake jona shi da inji ba. In robar wuya ce ko ta cinya, kada ruwa ya taɓa wurin, kada a buɗe filasta a gida, kuma zazzaɓi ko rawar sanyi ba na maganin maleriya ba ne, na komawa asibiti ne. In an tabbatar wankin mai ɗorewa ne, ku fara maganar fistula tun yanzu, wato haɗa jijiyoyi biyu a hannu, don takan ɗauki mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna. Kafin nan ki hana a riƙa huda hannun da ba ya aiki da shi don ɗibar jini ko ƙarin ruwa, jijiyoyin nan za a nema. Tawa a hagu take, ba a auna mini jini a nan, ba na ɗaura agogo, ba na kwanciya a kanta. Kullum na farka sallar asuba sai na ɗora yatsu na ji tana zirrr kafin in taɓa buta.